Azumin da Ko Ya Ɗebo Mana Ruwa

Ranar sha ɗaya ga azumin bana aka manna takarda a cikin lifta ta gidan da muke haya a Bukit Jalil, cewa za a ɗauke ruwa na kwana biyu saboda gyaran bututu. Na karanta ta sau uku, na ɗauki hotonta a waya, na hau sama na sake karantawa a zaune. Matata Rabi'atu ta cika bokiti biyu da babbar tukunya ta ce ya isa. Ni kuwa na bi bayanta na cika butoci, da robar wanke shinkafa, har da kwalaben da yara suka shanye lemo suka ajiye. Ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona, ta ce, "Baban Amira, kwana biyu fa aka ce."

Na ce mata na sani, amma na taɓa ganin kwana biyu sun zama goma sha biyar.

Ba ruwan kaɗai ne ya hana ni sukuni a makon ba. Kwana uku kafin nan wani saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Wata mace ce, da Turanci, ta ce ita 'yar wani tsohon maƙwabcina ce ɗan ƙasar Bama, tana nan Kuala Lumpur, kuma tana son karɓar littafin da mahaifinta ya bari a hannuna. Littafin yana nan kuwa, cikin gwangwanin biskit a saman kabad ɗin kayana, shekara goma sha wani abu ke nan. In ya faɗa hannun da bai dace ba, akwai iyalai a can ƙasarsu da za su iya shiga wahala. In na hana mai haƙƙi, na ci amana. Ban san wanne ne ke gabana ba. Da na ga bokitan nan jere a banɗaki, sai azumin da littafin ya shigo hannuna ya dawo mini gaba ɗaya.

A lokacin ina Setapak, shekarata ta farko a digiri na biyu kan ilimin ƙididdiga, da tallafin karatu na gwamnati. Muna hawa na tara ni da Malam Lawal, Bazazzage, ya girme ni da kusan shekara goma, yana digiri na uku. Ni Bakano ne, saboda haka tun daga ranar da na ajiye jaka wasa ya shiga tsakaninmu, kuma shi ne kullum da nasara, don ni sai na gama auna amsa a raina har magana ta wuce.

Azumin shekarar ya zo ba ruwan sama, a garin da aka saba ganin hadari kusan kowace yamma. Makonni suka wuce sama ba ta ce komai ba. Sai hayaƙi ya sauka, wanda 'yan ƙasar ke kira jerebu, na dazuzzukan da ake ƙonawa a tsallaken teku. Dogayen benayen tsakiyar gari da muke hange daga taga suka ɓace. Rana ta koma kamar jan faifai, kana iya kallonta ido da ido ba ta kashe maka ido ba, amma zafinta na nan, kuma gumi ba ya bushewa. Maƙogwaro kullum da ɗanɗanon ƙauri, kamar ka lashi gindin tukunya. Mai azumi ba ya da abin da zai wanke shi da shi sai wajen ƙarfe bakwai da rabi na yamma.

A kan wannan ne, in ban manta ba ranar takwas ga wata, famfon benenmu ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Aka ce injin da ke tura ruwa sama ne ya lalace, kwana biyu za a gyara. Tankar ruwa ta fara zuwa bayan la'asar, daidai lokacin da mai azumi ya fi laushi. Lifta ɗaya ce ke aiki a benen, ita ma in ta yi wuni ɗaya sai ta huta biyu.

Ɗakin da ke kallon namu na wasu 'yan Bama ne su shida. Babbansu wani siririn mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, haƙoransa biyu na gaba babu, yana ɗan jan ƙafar hagu, kuma in yana gida zani yake ɗaurawa a ƙugu kamar yadda mazansu ke yi. Aikin safe yake a kicin ɗin wani kedai, wato ƙaramin gidan abinci, yana yankan albasa da wanke tukwane. Gaisuwar kai kawai ke tsakaninmu, har ranar da muka tsaya a baranda ni da Malam Lawal muna shawarar abin da za mu yi buɗa-baki da shi. Ni ne ke magana. Na ce ko mu yi tapau, wato mu sayo abinci a ƙunshe daga ƙasa, ko mu dafa taliya, ko kuwa mu je masallaci a ba mu fate, ko dai mu jira mu gani. Sai ƙofar da ke gabanmu ta buɗe, mutumin ya leƙo ya tambaye mu da Turanci wa ke kiransa, ya ji an kira shi har sau huɗu.

Ashe 'yan ɗakinsu in za su kira shi da Ko suke farawa, sannan sauran sunan, wato Ko wane. Mu muka ɗauka Ko ne sunansa na yanka, sauran kuma sunan mahaifinsa ne. Sai daga baya na gane cewa Ko a wajensu kamar Yaya ne a wajenmu, ana sa shi gaban sunan namiji don girmamawa. Bai taɓa gyara mana ba. Ni ma a nan Ko zan ci gaba da ce masa, sauran sunan ba zan rubuta ba, kuma ina jin dalilin zai fito a gaba.

Malam Lawal ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen baranda. Ya bayyana wa mutumin cewa a harshenmu ko kalmar mai shakka ce, kuma Allah ya haɗa shi maƙwabtaka da wanda ya fi kowa faɗinta a Kano da kewaye. Ya gayyace shi buɗa-baki. Muna da sauran busasshiyar gasara da mahaifiyata ta ƙullo mini a leda, muna dama ta kaɗan-kaɗan don ta kai mu Sallah. Da aka kira salla Malam Lawal ya miƙa masa kofi ya ce wannan sunansa koko. Mutumin ya ajiye kofin ya rufe baki da hannu yana dariya, ya ce a wajensu Ko Ko shi ne abin da ƙanwa ke kiran wanta da shi in tana ji da shi. Ya nuna ni ya ce tunda ba na iya magana sai na faɗi ko aƙalla sau biyu, ni ne Koko. Malam Lawal ya ce alhamdu lillahi, yau Bakano ya zama abin sha. Sunan ya bi ni.

Washegari muna kan layin tanka da jarkoki huɗu, Ko ya dawo daga aiki ya same mu. Ya dubi jarkokin, ya dubi benen, ya dube mu. Ya hau sama ya sauko da sandar mofa da igiya, ya rataya jarka biyu, ɗaya a kowane gefe, ya saɓa a kafaɗa. Malam Lawal ya ce da Hausa, ga ɗan ga-ruwa har Malesiya. Daga ranar aiki ya rabu uku ba tare da an zauna an raba ba. Ni ke sauka da wuri in kama layi, don ina da haƙurin tsayuwa. Malam Lawal ke tsayawa a bakin tiyo, don shi ya iya boleh lah, lallashin 'yan ƙasar da ke sa mai tanka ya ƙara mana jarka ɗaya. Ko kuma shi ke haurawa hawa tara, sawu uku, wani lokacin huɗu, don har da na wata tsohuwa a hawa na bakwai. Mun yi ƙoƙarin karɓa, ya ce mai azumi ba ya hawa bene da kaya alhali ga wanda ba ya yi a tsaye.

A sama kowane ɗigo da gurbinsa. Jarka ɗaya ta sha da girki, ba a taɓa ta da komai. Alwala da kofi ɗaya, a kan roba, ruwan da ya taru a robar a zuba a banɗaki. Ruwan wanke shinkafa a wanke kwano da shi. Wanka da rabin bokiti, bayan kwana biyu. Ƙosai muka bar shi gaba ɗaya, saboda wankin wake na cin ruwa. Abin da ya riƙe mu shi ne faten shinkafar da ake rabawa a masallaci bayan la'asar, bubur lambuk, mai ɗumi a cikin leda, da ƙamshin kwakwa da kayan yaji. Yanzu a waya ake danna abinci ya zo har ƙofa, yarana ma in na ba su labarin layin fate sai su amsa mini da Malay suna dariya. Ban ce wancan lokacin ya fi ba. Na dai san ban sake cin fate mai daɗin wancan ba, wataƙila yunwa ce.

Sai da aka kwana huɗu na lura cewa Ko ba ya cin komai da rana. Shi mai bin addinin Buddha ne, azumi bai hau kansa ba, ga shi yana aiki a kicin. Na tambaye shi, bayan na yi ta kewaye-kewaye. Ya ce ba ibada yake ba, kawai ba ya iya ɗaukar wa mai jin yunwa ruwa da cikakken ciki, kuma shi yunwa tsohuwar abokiyar zamansa ce. A nan ne, muna zaune a matakala ta hawa na biyar yana hutawa, ya gaya mini ko shi wane ne. Yana ɗalibin jami'a suka fita titi suna neman sojoji su sauka daga mulki. Aka kama shi, ya yi shekara tara a tsare. A can ya bar haƙoransa da lafiyar ƙafarsa. Sun taɓa ƙin cin abinci kwanaki masu yawa don a bar su su riƙe littafi da biro. Da ya fito ya yi aure ya sami 'ya mace, aka sake fara nemansa, ya tsallako ya bar su a can. Duk wannan ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin hanyar kasuwa.

Shi ya koya mana yadda ake zama da yunwa cikin zafi. A jiƙa tsumma a ɗora a ƙeya. In za a hau bene kada a kalli sama, a ƙirga matakala goma a tsaya. In an sha ruwa, kurɓin farko a riƙe shi a baki kafin a haɗiye, kada a auka wa abinci. Malam Lawal ya ce shekara talatin yana azumi, yau ga wanda bai taɓa jin kiran assalatu a garinsu ba yana koya masa. Amma na gan shi da tsumma a ƙeya washegari.

Wajen sha bakwai ga wata aka fara raɗe-raɗin cewa jami'ai na shiga benaye suna kwashe waɗanda ba su da takardun zama. Ko ba shi da komai sai wani kati na 'yan gudun hijira, wanda wani jami'in ke dubawa ya mayar, wani kuma ko kallo bai ishe shi ba. Ranar da ya hauro da sawun ƙarshe, ya ajiye jarkokin a ƙofarmu ya ce yana son magana da ni. Ya zaro wani abu daga ƙugunsa, naɗe cikin ledar burodi. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, mai shuɗin bango. Ya buɗe. Rubutunsu ne, zagaye-zagaye kamar an zubar da ƙananan zobba a kan layi, shafi bayan shafi. Ya ce sunayen waɗanda ya zauna da su ne a tsare waɗanda ba su fito ba, kowanne da garinsu da sunan wanda ya bari. A can ciki kullum yakan maimaita su a ransa don kada ya manta, da ya tsallako ya rubuta. In aka kama shi a nan, littafin zai ɓace a shara. In aka mayar da shi gida da littafin a jikinsa, za a bi sunayen gida-gida. Kuma ya fara jin cewa al'amura na ɗan sassautawa a ƙasarsu, yana tunanin komawa, ba zai ratsa filin jirgi da shi ba. Ɗalibi mai biza, in ji shi, ba a fasa masa ƙofa.

Na ce masa to, ko bayan Sallah, ko in ɗan yi tambaya tukuna, ko kuma mu ga yadda raɗe-raɗin zai ƙare. Ya gyaɗa kai, ya naɗe littafin ya mayar ƙugu, ya ce ba komai, Koko.

Malam Lawal bai yi wasa ba da na gaya masa. Ya ce, "Sagir, ka tuna mun sa hannu a takarda cewa ba ruwanmu da siyasa, tamu ko ta wani. In aka janye maka tallafin nan me za ka je ka gaya wa Hajiya? Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma kai ba ka ma san abin da aka rubuta a ciki ba." Gaskiya ya faɗa, kuma don yana ƙaunata ya faɗa. Na ɗauko sharuɗɗan biza na karanta daga farko har ƙarshe, ban ga inda aka ambaci littafi ba, ban kuma ga inda aka ce ba laifi ba. A ɗakin karatu nakan zauna awa biyu a shafi ɗaya.

Kwana shida na yi a haka. Abin da ya fi damuna shi ne Ko bai sake tayar da maganar ba, bai kuma rage ko jarka ɗaya ba. Kullum bayan la'asar yana gabana a matakala, sanda a kafaɗa, ƙafar hagu na biyo ta dama a hankali, kuma ina ganin tudun littafin a bayan rigarsa. Da ruwan da ya ɗauko nake alwala.

Ranar ashirin da uku tanka ta yi latti. Muna tsaye a filin ajiye motoci, layi ya yi tsawo. Sai wata iska ta taso daga wajen duwatsu, mai sanyi, ta kwashi ledoji ta yi sama da su. Hayaƙin ya yi duhu ya zama wani abu daban. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar kwalta ya iso kafin ruwan. Sannan ya sauko gaba ɗaya, irin na garin nan da ba ya yayyafi. Mutane suka buɗe jarkoki, aka jera bokitai a ƙarƙashin indararo, ba wanda ya gudu. Masu azumi suka ɗaga fuska sama, baki a rufe gam, ruwa na bin wuya yana shiga riga. Na waiwaya na ga Ko shi ma fuskarsa a sama, bakinsa a rufe kamar namu, shi da ba abin da ya hana shi sha.

Can sai na ga ya zabura ya dafe ƙugu, ya sunkuya ya juya wa ruwan baya. Ledar burodin ta tsufa, ta yage a gefe. Ya zaro littafin yana neman inda zai sa shi, rigarsa sharkaf, zaninsa sharkaf.

Ni mutum ne da ba na fita sai da fasfo, da katin makaranta, da kwafin kowanne guda biyu, duk a cikin jakar roba mai zif, saboda tsoron a tare ni a hanya. Malam Lawal ya sha yi mini dariya a kanta. Ban tuna na yi wani tunani ba. Na zuge jakar, na kwashe takarduna na cusa a aljihun wando, na miƙa hannu na ce masa, "Kawo."

Ya dube ni kaɗan, kamar yana jiran sauran maganar. Da ya ga babu, ya ba ni.

A teburinmu, kafin a kira salla, muka buɗe shi. Ruwa ya shiga gefen shafuka uku, tawada ta narke a kan wasu sunaye. Da na karɓa tun ranar da ya roƙa, da hakan bai faru ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi. Ko ya ari birona ya bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi, bai tsaya neman ko ɗaya ba. Fasfona kuwa ya kumbura ya yi kamar soso. Ko ya shimfiɗa shi a gaban fanka ya danne da kofi. Malam Lawal ya kalli littafin, ya kalle ni, ya ce to Bakano, Allah ya rufa asiri, ya juye ragowar biskit a faranti ya miƙo mini gwangwanin. Ranar muka dama gasarar da ta rage duka.

Ruwan famfo ya dawo kafin Sallah, jami'an kuma ba su zo benenmu ba. Bayan wasu watanni Ko ya koma gida. Sauran labarinsa a waya na bi shi. Ya shiga jam'iyya, ya yi ta yawon ƙauyuka a bayan babur, aka zaɓe shi majalisa. Daga baya aka ba shi shugabancin yankinsu, kamar gwamna a wajenmu. Na ga hotonsa da farar riga marar wuya, an sa masa haƙora, an daina ce masa Ko, an koma U, wanda ake sa wa manya. Na ji ana yaba masa kan hanyoyi da rijiyoyi, na kuma ji masu zaginsa. Ban san isasshen abin da zan yanke hukunci ba. Abu ɗaya dai ya tsaya mini: lokacin da ake korar Musulmi daga garuruwansu a wani ɓangare na ƙasar, na saurara ban ji muryarsa ba. Na rubuta masa saƙo na goge ya fi sau goma, a ƙarshe na tura. Bayan kwana biyu ya amsa da layi biyu. Ya ce, "Koko, yanzu ni ma daga safe har yamma ko nake cewa. Ban ce ka yafe mini ba."

Na dai tambaye shi ko in aika masa da littafinsa, tunda yanzu shi ne gwamnati. Ya ce a'a, in riƙe, waɗanda suka sa aka rubuta shi ba su tafi ba, suna ɗaki na gaba.

Da sojojin suka sake karɓe mulki, yana cikin waɗanda aka fara ɗauka. Lambarsa ta mutu. Na gama karatu, na sami koyarwa, na yi aure, na sauya gida sau uku, gwangwanin na bina. Malam Lawal yana Zariya yanzu, kowane azumi sai ya kira, kuma bayan ya gama tsokanata sai ya rage murya ya ce, biskit ɗin nan yana nan?

Wannan ne ya sa saƙon matar ya tsorata ni. Na ji ana cewa a cikin 'yan ƙasarsu da ke nan akwai masu kai rahoto gida, ban san gaskiyar hakan ba, amma ban san ƙaryarsa ba. Ranar da aka ɗauke mana ruwa na zauna na amsa mata. Na ce ban tabbata na gane littafin da take nufi ba, ko ta bari bayan Sallah, ko kuma in yi tunani in neme ta.

Amsarta ta zo kafin in ajiye wayar. Ta ce mahaifiyarta ta samu ganinsa, shi ya aiko da saƙon. Ya ce mutumin zai ce ko gobe ko jibi, kada ki matsa masa, ki jira, zai kawo. Ya kuma ce a tambayi Koko ko fasfonsa ya bushe.

Na nuna wa Rabi'atu. Ta karanta, ta jawo kujera ta ajiye a gaban kabad, ta riƙe mini ita na hau.

Washegari na shiga jirgin ƙasa na LRT na sauka a tashar Masjid Jamek, gwangwanin a cikin jakar baya, jakar a ƙirjina. Zafi ya yi yawa, rumfunan buɗa-baki sun cika titin Jalan Masjid India da hayaƙin gashi da ƙamshin lemon kwakwa. A wani mamak muka haɗu, gidan abincin Indiyawa Musulmi, kowane tebur da mutane zaune gaban faranti suna jiran lokaci. Na gane ta tun daga ƙofa, goshinsa ne da ita. Ta ce aikin jinya take a wani ƙaramin asibiti. An kawo mata shayi tun kafin in zo, ya huce, ba ta taɓa ba. Ta ce suna tattara irin waɗannan sunaye ne a wuri guda, na da da na yanzu, kuma na mahaifinta babu su a ko'ina sai a nan.

Na buɗe gwangwanin, na zuge jakar robar, na tura mata. Ta shafa bangon, ta buɗe, ta fara karantawa a hankali, yatsa a kan layi, da muryar da ni kaɗai ke ji. Shekara goma sha wani abu ina ajiye da littafin nan, ban taɓa jin yadda yake a baki ba. Ban fahimci komai ba sai abu ɗaya. Kusan kowane layi da kalma guda yake farawa. Ko wane. Ko wane. Nan da can ta ce Ma, na mata ke nan, sannan ta koma. Ko wane, Ko wane, Ko wane. Ta wuce shafuka ukun da aka bi da birona ba ta yi tuntuɓe ba.

A shafi na ƙarshe rubutun ya tsaya a tsakiya, sauran layukan fari. Ta daɗe tana kallon wurin. Akwai biro a aljihun rigarta, na ga hannunta bai je wajen ba. Na so in tambaye ta halin da yake ciki, na ji kalmar da na saba fara tambaya da ita ta zo bakina, na mayar da ita. Na ce, "Yana nan?"

Ta ce, "Yana nan. Ƙafar ce ta ƙi, ɗaukarsa ake yi. Amma yana nan."

Ta rufe littafin ta mayar cikin jakar robar, ta zuge zif ɗin har ƙarshe. Aka kira salla daga masallacin da ke kusa. Duk wurin ya motsa, cokula suka fara ƙara. Na ɗauki kofin ruwa na kurɓa, na riƙe a baki. Da na ɗago, ita ma nata kurɓin yana bakinta, ba ta haɗiye ba tukuna.